Sai da gaban mashin ɗina ya zame a kwana na gane tayar gaba da ta baya ba aikinsu ɗaya ba

Farkon daminar 2024 tayar bayan mashin ɗina ta suɗe, irin suɗewar da in ka shafa tsakiyarta da tafin hannu sai kaji kamar bayan ƙwarya, zanen sai a gefe-gefe kawai ya rage. Boxer ce ƙarama, mai 100, na saye ta hannu a 2021 kuma ita ce ƙafata, don a Zariya nake zaune amma koyarwa nake a wata firamare a wani ƙauye ta wajen Soba, kullum sai na bi kwalta na ɗan lokaci sannan na sauka burji, shi kuwa burjin nan in ruwa ya sauka to sai dai addu'a, jar laka ce mai danƙo wadda ko a ƙafa kake sai ka kiyaye. A wata ɗaya sau uku nayi faci, ƙaya 'yar ƙarama ma shiga take, nasan dai babu sauran dabara sai canji.

To daman kowa yasan yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, taya ma bata tsira ba, kuɗin da na ware na taya ɗaya ne tak. Sai tambayar ta tsaya min a rai, shin in na canza ta baya kaɗai na bar ta gaba, kuma sabuwar ba kamfaninsu ɗaya da ta gaban ba, akwai matsala? Na kawo maganar a majalisarmu bayan isha'i, aikuwa kamar na zuba wa wuta fetur. Wani abokinmu da ya daɗe yana acaɓa yace malam taya ai taya ce, in dai ta shiga wili ta riƙe iska hau abinka, shi shekararsa nawa bai taɓa duba sunan kamfani ba. Wani kuma yace a'a, dole ne a canza su tare kuma su zama iri ɗaya sak, in ba haka ba mashin zai riƙa rawa. Na ukun ma cewa yayi shi ta baya yake sawa a gaba da baya duka saboda tafi kauri tafi daɗewa. Kowa da hujjarsa, kowa kuma ya rantse. Na tashi kaina ya fi ɗaurewa akan yadda na zauna.

Ranar Asabar na tafi wajen masu kayan mashin. Mai shagon da na fara shiga ya ɗauko min wata mai faɗi sosai yace malam wannan ita ce ta ƙauye, in ka sa ta mashin zai zauna daram kamar mota. Gaskiya ta burge ni, amma nace bari na tambayi mai facin unguwarmu tukunna, wani dattijo ne da muke ce wa Baba, tun ina yaro nake ganinsa a gindin dalbejiyar nan da kwamfuresarsa da bahon ruwansa baƙi ƙirin. Na kira shi a waya na karanta masa lambar jikinta, yace min ajiye ta ɗana, duba jikin tsohuwar taka me aka rubuta? Na fita na tsuguna na goge ƙura, naga 3.00-17. Yace to ita zaka nema, kar ka ƙara kar ka rage. Wilinka siriri ne, in ka cusa masa taya mai faɗin da ya wuce nasa matse ta zaiyi ta tattare ta ƙanƙance a tsakiya, faɗin da kake kwaɗayi ba zai taɓa ƙasa ba, ga shi zata iya gogar murfin sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya.

A nan na fara koyon karatun taya, abinda shekara uku ina hawa ban taɓa yi ba. Wannan 3.00 ɗin faɗin tayar ne da inci, 17 ɗin kuma girman wilin da zata hau ne, shima da inci. Shi yasa ta 18 irin ta wasu mashinan bazata taɓa shiga nawa ba ko da a ido kamar ɗaya suke. Na samu 3.00-17 mai ɗan manyan haƙora, ba irin ta masu tseren daji ba, tsaka-tsaki dai, wadda zata kama laka kuma bazata dame ni a kwalta ba. Kamfaninta daban da na ta gaban. Baba ya ɗaura min, ya daidaita sarƙa, na biya na tafi ina jin daɗi, ko kallon tayar gaba banyi ba saboda zanenta na nan raɗau kamar ba'a taɓa hawa ba.

Sati biyu naji daɗin mashin ɗin nan sosai. Wuraren da da baya ke wulwulawa a laka ina tura ƙafa, yanzu sai in wuce salin-alin. Kuma ina ganin a nan matsalar ta fara, don da bayan ya kama ƙasa sai na saki jiki na ƙara gudu ba tare da na lura ba.

Ranar wata Laraba a watan Yuli muna dawowa da yamma, na goyo wata malama abokiyar aikinmu, babbar mace ce sa'ar yayata, Anti muke ce mata, kuma tana riƙe da jakar takardun jarabawar yara. An yi yayyafi an ɗauke, kwalta ta jiƙe amma ba sosai ba, irin jiƙewar nan da tafi ruwa mai ƙarfi haɗari don bata wanke ƙura da man da ke kan titi ba, sai dai ta kwaɓa su. Muna shiga wata kwana wata akuya ta fito, na ɗan matsa birkin gaba, wallahi ba da ƙarfi ba, kawai naji kan mashin ya tafi, kamar wani ya fizge tabarma daga ƙarƙashin ƙafar gaba. Na saki birkin na dira ƙafa, takalmina ya ja ƙasa, mashin ya karkata ya dawo, muka gangara gefen titi cikin ciyawa muka tsaya. Anti salati kawai take tana riƙe da rigata, ni kuwa gwiwata karkarwa take. Bamu faɗi ba, Allah ya kiyaye, amma da akwai mota a bayanmu ko da gudun ya ɗara haka da wani labarin ake. Na bata haƙuri tace ba komai malam, mu dai tafi a hankali. Har muka iso gida ban wuce giya biyu zuwa uku ba.

Washegari da sassafe ina wajen Baba. Na faɗa masa abinda ya faru, nace ko dai sabuwar tayar nan ce bata jitu da ta gaba ba tunda ba kamfani ɗaya ba? Bai amsa min ba, ya ajiye shayinsa ya tsuguna gaban mashin. Ya sa farcen babban yatsansa ya danna robar tayar gaba, farcen ko alama bai bari ba. Yace zo ka danna. Na danna naji kamar busasshen ƙirgi. Yace yanzu je ka danna ta baya. Ita kuwa sai naji farcena ya ɗan nutse robar ta dawo. Sannan ya lanƙwasa gefen tayar da hannu, sai ga 'yan tsage-tsage sirara sun buɗe a cikin kwarin zanen da gefen bango, kamar faso a dunduniya, waɗanda in kana tsaye bazaka taɓa gani ba. Ya juya wilin a hankali yana neman wani abu har ya samu, wasu lambobi huɗu cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai, 1417. Yace kai ne malami, karanta. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Sati na 14 na shekarar 2017. Wato tayar da nake dogara da ita ina goyon mutane a kanta ta haura shekara bakwai, tun kafin na sayi mashin ɗin take kai, rana ta dafa ta, zafin kwalta ya dafa ta.

Yace ɗana ba sunan kamfani ne ya zame da kai ba, tsufa ne. Ta baya ita ke tura mashin ita ke ɗaukar lodi shi yasa take cinyewa da wuri, sau da yawa sai ka ci ta baya biyu ta gaba ɗaya bata ƙare ba, to a nan mutane ke ruɗuwa, suna ganin zane suna cewa da saura, alhali robar ta mutu tuntuni. Kuma in ka taka birki nauyin mashin da naka duk gaba yake komawa, tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa, ita ce kuma ke shiga kwana. In baya ya zame mai hawa yakan iya gyarawa, in gaba ya zame ba'a cika samun lokacin gyara ba. Wannan maganar ta zauna min, don abinda naji a jikina kenan jiya, babu wani gargaɗi, kai kawai ya tafi.

Daga baya na tuna ai 'yan Road Safety sun daɗe suna wannan wa'azin na duba shekarar taya, su cewa ma suke in ta kai shekara huɗu da yi a canza ta, amma a tunanina da masu mota ake.

Matsalar ita ce albashi bai shigo ba. Da na koma gida na faɗa wa yayana, shima Boxer gare shi, yace ai yana da sabuwar ta baya a ɗaki da ya saya ya ajiye, kuma irin wadda na saka ce sak, kamfani ɗaya zane ɗaya, 3.00-17. Yace ɗauki ka sa a gaba, kaga shikenan sun zama iri ɗaya gaba da baya, ai abinda ake nema kenan, in ka samu kuɗi ka biya ni. A lokacin naga maganar tayi ma'ana, in dai daidaito ake so to ai babu daidaiton da ya wuce wannan. Baba ranar baya nan ya tafi ɗaurin aure, yaron shagonsa ne ya ɗaura min, bai ce komai ba tunda wilin 17 ne ta shiga.

Kwana huɗu nayi da ita, kuma tun ranar farko nasan akwai abinda ba daidai ba. Kan mashin yayi nauyi, in zan shiga kwana sai na tura shi da ƙarfi kamar yana gardama, sannan in ya karkata sai ya faɗa lokaci guda ba a hankali ba. A kwalta hannuna har zugi yake saboda karkarwar haƙoran, wani gurnani na tashi daga gaba wanda da babu. A burji kuma ranar da aka yi ruwa laka ta cushe tsakanin tayar da madigadi saboda wurin ya matse, sau biyu ina tsayawa ina neman kara ina ƙwaƙulewa, ɗaya daga ciki ma ƙafar gaba ta kusa daina juyawa gaba ɗaya. Ga su dai iri ɗaya, kamfani ɗaya, an yi su a shekara ɗaya, amma mashin ya fi wahalar tuƙi akan lokacin da suke daban.

Da Baba ya dawo ya gani ransa bai yi daɗi ba, ya yi wa yaron faɗa sannan ya juyo kaina yace malam da kanka? Ya ɗauko wata tsohuwar tayar gaba da wata ta baya cikin tarin da ke bayan shagon ya jera su a ƙasa ya ce kalle su ta tsaye. Ta gaban siririya ce, bayanta a dunƙule kamar bayan ƙwai, zanenta yawanci layi-layi ne masu bin tsawon taya, don ta riƙe hanya ta tsaga ruwa ta kuma karkata cikin sauƙi. Ta bayan kuwa tafi faɗi tafi shimfiɗuwa, haƙoranta a gicciye suke don su ciji ƙasa su tura. Yace kamar takalmi ne, ƙafa biyu ne amma na dama ba ya shiga hagu. Sannan ya nuna min kibiyar da ke gefen tayar, wadda ke nuna inda ya kamata ta riƙa juyawa. Yace akwai tayoyin da aka yi su don su iya hawa ko'ina, su zaka ga kibiya biyu ne, ɗaya an rubuta FRONT ɗaya REAR kuma suna kallon juna saɓani, dalili kuwa ƙarfin da ke jan ta baya na turawa ne, na gaba kuma na birki ne, ta fuska biyu daban suke jan robar. Wannan ta yayana kibiya ɗaya gare ta, ta baya ce zalla.

A daren na binciko ɗan littafin mashin ɗin, wanda mai shi na farko ya haɗo min da takardu ban taɓa buɗewa ba. A ciki ƙarara an rubuta gaba 2.75-17, baya 3.00-17. Wato su kansu waɗanda suka ƙera mashin ɗin basu sa su girma ɗaya ba. Na kuma shiga intanet a waya na ɗan karanta abinda kamfanonin taya ke cewa, su shawararsu ita ce a sa gaba da baya na kamfani ɗaya kuma 'yan gida ɗaya, wato waɗanda aka zana su tare aka gwada su tare, ta gaban da siffarta ta bayan da siffarta. Kuma suna jan kunne sosai kan haɗa taya mai ginin radiyal da mai ginin zare a gicciye in ba haka mashin ya zo da su ba, amma wannan ya fi shafar manyan mashinan nan masu gudun tsiya, irin namu ƙanana kusan duk masu zaren gicciye ne masu tub. To a nan na fahimci inda majalisarmu ta rikice. Iri ɗaya da ake faɗa ba wai taya ɗaya a saya guda biyu ba, ma'anarsa miji da mata ne, kowa da aikinsa amma sun dace da juna. Ni a ganina abokina ɗan acaɓa yana da gaskiya ta wani ɓangaren, a mashin kamar nawa da gudun da nake yi sunan kamfani ba shi ne kan gaba ba, amma inda ban yarda da shi ba shine cewa duk wadda ta shiga wili shikenan. Wannan maganar tana iya kai mutum asibiti, kuma ba shi kaɗai ba harda wanda ya goyo.

Albashi na shiga na koma kasuwa, wannan karon da 'yar takarda a aljihu na rubuta abinda nake nema. Niyyata in samu ta gaba ta kamfanin da yayi ta bayan nan don su zama 'yan gida ɗaya. Shago na uku na same ta, an naɗe ta da leda mai ƙyalli tsaf. Nace a buɗe min in ga lamba, mai shagon yace in an buɗe ka saya fa, nace in shekararta tayi zan saya. Ya ɗan yage ledar ta gefe, na duba, tayi sama da shekara huɗu a ajiye. Sabuwa ce ba'a taɓa hawa ba amma ni da na fito daga matsalar tsohuwar roba bazan sake sayen wadda ta riga ta tsufa a sito ba. Yayi ta rantsuwa wai taya bata tsufa in ba'a hau ba, na bashi haƙuri na fita, har ya bini da magana. Wani shagon kuma aka nuna min wata mai arha ƙwarai, na juya ta ko'ina babu lambar shekara, rubutun jikinta ma a dagule yake kamar an goge, robar kuma tana ƙyalli kamar roban bokiti. Ita ma na ajiye. Masu kwance ma sun kira ni, ban ko tsaya ba.

A ƙarshe wadda na saya ta wani kamfanin ce daban, 2.75-17, an yi ta a farkon shekarar, roba mai laushi da ka danna kaji rai a jikinta. Na zaɓi zanen da zai tafi da ta bayan, layi a tsakiya saboda kwalta, 'yan haƙora a gefe saboda burji, don ban ga amfanin baya na cizon laka gaba kuma na sulɓi ba. Bayan lambar girman akwai 41P, ta bayan kuma 50P, na riga na karanta cewa lambar nauyin da taya zata iya ɗauka ce, 41 kilo 145 ne, 50 kuma kilo 190, harafin P ɗin kuma iyakar gudunta ne kilomita 150 a awa, wanda mashin ɗina ko a gangara bazai kai ba. Amma nauyin abin dubawa ne musamman ga masu ɗora buhun masara biyu su hau kai su kuma goyi mutum. Na haɗa da sabon tub mai lambar da ta dace da ita, don Baba ya riga ya gaya min tsohon tub ya saki ya ƙara faɗi, in aka mayar da shi cikin sabuwar taya yana iya naɗewa ya tsage.

Wannan karon ban je shan shayi na bar su ba, kujera na ja na zauna ina kallo. Baba da kansa yayi aikin. Ya kafe mashin a dogon sitan ya sa dutse ƙarƙashin inji gaban ya ɗaga, ya kwance wayar birki da ta mita, ya zare dogon ƙarfen tsakiya, wilin ya fito. Ya cire ta yayana da liba biyu ya ajiye ta gefe. Da wilin ya zama tsirara sai ga wani abin da ban sani ba, robar nan siririya da ke zagaye cikin wili tana rufe kawunan wayoyi ta tsinke a wuri biyu, kan waya ɗaya ma ya leƙo ga tsatsa. Yace kaga wannan, shi ke huda tub ta ciki mutum yayi ta zargin ƙusa. Ya goge tsatsar da burushin ƙarfe, ya dasashe kan wayar, ya yanko wata robar daga tsohon tub ya ɗaura ya huda wurin bawul. Ya juya boris da yatsa yaji ko suna ƙara, yace lafiyarsu ƙalau.

Kafin ya sa tayar sai da ya tsayar da wilin yadda zai zauna a mashin, ɓangaren birki a inda yake, sannan ya duba kibiya ya ce min tabbatar da idonka. Na duba tana kallon gaba. Ya shafa ruwan sabulu a leɓen tayar, ya tura gefe ɗaya ya shiga, ya ɗan hura wa tub iska kaɗan don ya miƙe, ya barbaɗa masa hoda, ya cusa shi a hankali ya fito da bawul ta raminsa, sannan ya bi ɗaya gefen da liba kaɗan-kaɗan yana taka tayar da dunduniya, yana kiyaye kar libar ta ciji tub. Da ya bata iska sai ya ɗaga wilin ya nuna min wani siririn layi da ke zagaye tayar dab da bakin wili, yace dole tazararsa da wili ta zama ɗaya ko'ina, in wani wuri ya nutse to bata zauna ba kuma zaka ji mashin na tsalle. Wuri ɗaya ya ɗan shige, ya sace iskar ya buga tayar a ƙasa ya ƙara sabulu ya sake hurawa, sai ta fito daidai. Bawul ɗin ma ya duba ya ga a miƙe yake ba a karkace ba.

Wajen iska ne muka ɗan ja. Shi Baba ya saba da bugawa da sifana yaji ƙara, ni kuma nace littafi ya ce gaba 25, baya 28 in ni kaɗai ne, 32 in da goyo. Yayi murmushi ya shiga ciki ya ɗauko geji ya auna, ta gaban tana 40 da wani abu. Ya rage ta zuwa 25. Muka auna ta baya ita ma ta wuce sosai. Yace gaskiya mutane ne ke cewa a cika musu ta yi tauri wai don mashin ya rage shan mai kuma kar wili ya bugu, amma taya in ta cika tauri ɗan wurin da ke taɓa ƙasa raguwa yake, kuma daman duka-duka bai fi tafin hannu ba. Na tuna ranar da na zame, wa ya sani ko ita ma tsohuwar haka take a bunƙure ga tsufa ga jiƙaƙƙiyar kwalta.

Ya mayar da wilin, ya ɗaure noti ya sa fin ɗinsa, ya daidaita birkin, ya juya ƙafar muka ga tana tafiya sumul ba rawa. Da zan tafi yace ɗana sabuwar taya tana da santsi a farko, ka bata kamar sati kana tafiya a hankali, kar ka kwanta a kwana kar ka damƙi birki, sai fuskarta ta goge tukunna. Ya kuma nuna min ɗan alamar kusurwa uku a gefenta, yace bi ta nan ka leƙa cikin kwarin zanen zaka ga ɗan tudu, ranar da zane ya cinye ya zo daidai da tudun nan to ta gama aiki.

Bambancin tun a kan layinmu na ji shi. Kan mashin ya dawo sakayau, ka ɗan jingina kawai ya bi, gurnanin nan ya ɓace, laka kuma ta daina cushewa. Watan Agusta da ruwa ya yi yawa na bi kwanar nan da akuya ta fito sau ba adadi, wasu ranakun da Anti a baya, gaban yana riƙe da ƙasa yadda ya kamata, duk da har yau in na zo wurin sai na rage gudu tun daga nesa. Har yanzu gabana da bayana ba kamfani ɗaya bane, kuma in ta bayan nan ta cinye zan fara neman 'yar gidan ta gaban ne in an dace da mai sabuwar shekara, in ba'a dace ba in nemi wata 3.00-17 ɗin mai irin wannan zanen.

Tayar yayana na wanke ta na mayar masa, ya sa ta a bayan nasa mashin inda ya dace da ita. Da na je kai masa na tsuguna na duba tasa ta gaba, lambarta ta nuna 2018, na kira shi ya zo ya danna da farce da kansa. Na kuma sayi ɗan geji irin mai kama da biro yana cikin akwatin gefe tare da filogi da sifana, duk ranar Lahadi da yamma kafin a shiga sati nake auna su tun tayar na sanyi.